Norbert Rillieux (1806–1894): Mai Ƙirƙirar Na'urar Dafa Ruwan Rake

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taso a Dingyaɗi ko Boɗinga ko Shagari ya san rake, ya kuma san mazarƙwailar da ake kasawa a kasuwa. A wurare irin su Maƙarfi ta ƙasar Zazzau, akan matse rake da inji, a zuba ruwansa a manyan kasake, a yi ta hura wuta har ya yi kauri. Aiki ne mai cin itace da jan lokaci. Wannan babi zai yi tsokaci ne a kan rayuwar mutumin da ya sauya yadda ake wannan dahuwa a masana'antun duniya, wato Norbert Rillieux, wanda ake furta sunansa Riliyo.

1.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Rillieux ranar 17 ga Maris, 1806, a birnin New Orleans na jihar Luwiziyana ta Amurka. Mahaifinsa, Vincent Rillieux, Bature ne mai gonaki kuma injiniya. Mahaifiyarsa, Constance Vivant, tana da jinin baƙar fata, amma 'ya ce, ba baiwa ba. Saboda haka shi ma ya tashi a matsayin ɗa, a zamanin da mafi yawan baƙaƙen fatar jihar bayi ne. Da mahaifin ya lura da hazaƙar yaron, sai ya tura shi Faris ta ƙasar Faransa domin karatun injiniya. Ya zuwa shekarar 1830, yana ɗan shekara 24, har ya fara koyar da ilimin injuna a makarantar École Centrale, yana kuma rubuce-rubuce a kan amfani da tururi.

1.2 Matsalar da Ya Tarar

A wancan lokaci, gonakin rake na Luwiziyana suna bin tsarin da ake dangantawa da tsibirin Jamaika. Akan jera manyan kasake buɗaɗɗu a bisa wuta, bayi kuma su riƙa kwasar tafasasshen ruwan rake da dogayen ludaya daga wannan kasko zuwa wancan. Illolin tsarin guda uku ne. Na farko, bayi da dama sukan ƙone. Na biyu, yana lashe itace mai yawan gaske, domin tururin da ke tashi, wanda ke ɗauke da zafi, duk iska yake bi. Na uku, zafi mai tsanani yakan ƙona sukarin ya yi duhu, ya kuma wargaza wani sashe nasa zuwa nau'o'in zaƙi waɗanda ba sa saurin daskarewa su zama tsaba.

1.3 Na'urar da Ya Ƙirƙira

Hikimar Rillieux ta dogara ne a kan wata ƙa'ida ta kimiyya. A bakin teku ruwa yana tafasa ne a ma'aunin zafi 100, amma idan aka rage matsin iskar da ke kansa, sai ya tafasa da zafin da bai kai haka ba. Tun a 1813 wani Baturen Ingila, Edward Howard, ya yi amfani da wannan ƙa'ida a tukunya guda rufaffiya. Abin da Rillieux ya ƙara shi ne jera irin waɗannan tukwane da haɗa su da bututu, ta yadda matsin iskar kowace tukunya ya gaza na wadda ta gabace ta. Tukunyar farko kaɗai ke samun zafi daga waje. Tururin da ya tashi daga cikinta shi ke tafasa ta biyu, na ta biyu kuma ya tafasa ta uku. Ta haka zafi ɗaya yake yin aiki sau uku, sukari ba ya ƙonewa, kuma babu mai taɓa ruwan da ludayi.

Nasarar ba ta zo nan take ba. Ya koma Luwiziyana a farkon shekarun 1830, gwaje-gwajensa na farko kuma ba su yi kyau ba. Sai a 1843 wani mai gona, Theodore Packwood, ya ba shi damar kafa na'urar a gonarsa ta Myrtle Grove. A wannan shekara ce ya sami takardar haƙƙin ƙirƙira ta Amurka mai lamba 3237, sannan a 1846 ya sami ta biyu mai lamba 4879. Irin wannan takarda shaida ce daga hukuma cewa wane ne ya fara ƙago abu, kuma ba mai ikon ƙera shi don kasuwa sai da izininsa har zuwa wani wa'adi. Daga nan na'urar ta bazu zuwa wasu gonaki, har ta kai Kyuba da Meziko.

1.4 Ƙalubalen da Ya Fuskanta

Na'urar ta rage wa bayi haɗarin ƙuna, amma ba ta 'yanta su ba. Masu gonaki ne suka kwashi ribar, bauta kuwa ta ci gaba a Amurka har 1865. Shi kansa Rillieux, duk da ana neman iliminsa, launin fatarsa ya hana a ɗauke shi daidai da Turawa. A shekarun 1850 ya gabatar da shirin janye ruwan fadamun New Orleans da gyara magudanai domin yaƙi da annobar shawara, amma hukumomin birnin suka yi watsi da shi. Da dokokin takura wa 'yantattun baƙaƙen fata suka tsananta, sai ya tattara ya koma Faransa.

A can ya shafe shekaru yana nazarin rubutun Misirawan dā. Amma a 1881, yana da shekara 75, ya sake samun takardar haƙƙi a kan hanyar rage makamashi a masana'antun da ke tatsar sukari daga wata saiwa mai zaƙi da ake nomawa a Turai. Ya rasu a Faris ranar 8 ga Oktoba, 1894, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.

1.5 Kammalawa

Har yau tsarin Rillieux ne ginshiƙin masana'antun sukari, ana kuma amfani da shi wajen yin madarar gwangwani da takarda da tace ruwan teku ya zama na sha. A 2002 Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka ta karrama aikinsa a Jami'ar Dillard da ke birnin haihuwarsa. Al'ummar da ya yi wa aiki ba ta ba shi matsayinsa ba, amma takardun haƙƙinsa sun tsare masa sunansa. A Nijeriya ma akwai Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta 1970, wadda ke bai wa mai ƙirƙira kariya ta shekara 20. Ashe maƙeri ko mai dafa mazarƙwaila da ya gano sabuwar dabara yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

1.6 Tambayoyi

1. Kawo illoli uku na dafa ruwan rake a buɗaɗɗun kasake.
2. Yi bayanin yadda na'urar Rillieux take rage cin makamashi.
3. Mene ne amfanin takardar haƙƙin ƙirƙira ga mai sana'a?