Amina 'Yar Bakwa Turunku: Mace a Bisa Sirdi

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar Hausa zai tarar hawan doki sha'ani ne na maza, musamman sarakuna da barade. Amma akwai mace guda wadda sunanta ba ya rabuwa da doki, wato Amina ta Zazzau.

Masana sun saɓa game da zamaninta. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a lokacin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438. Labarin baka na Zazzau kuwa ya nuna ita 'yar Bakwa Turunku ce, wadda ta yi mulki wajen 1536, kuma 'yar'uwar Zariya, wadda birnin ya ci sunanta. Bisa wannan ƙauli, Amina ta hau gadon sarauta wajen 1576, bayan rasuwar Karama.

An ce tun tana ƙarama ta fi sha'awar barga da fagen mayaƙa bisa ga ɗakin girki. A zamanin Karama ta riƙa fita yaƙi har barade suka sallama mata. Koyon hawa irin wannan ba wasa ba ne. Sai mutum ya iya ɗaura sirdi, ya san sarrafa linzami da hannu guda, ya kafe ƙafafunsa cikin likkafa, ga nauyin lifidi da sulke, ga mashi a ɗaya hannun.

A wannan ƙarni matan sarakunan Turai, irin su Katarina de Medici ta Faransa, zaman gefe suke yi, wato su zuba ƙafafu biyu ɓangare ɗaya na doki, don ana ganin haka ne mutuncin mace. Irin wannan zama ya dace da kilisa da farauta, amma bai dace da fagen fama ba. Shi ya sa masu zane da sassaƙa sukan nuna Amina bisa doki kamar kowane barde, da takobi a hannu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin Infaƙul Maisuri, ya ambaci yaƙe-yaƙenta da Kano da Katsina. Tsakanin Zariya da Kano ne ƙasar Likoro da Kudan da Makarfi take a yau. Tarihin Kano ya ce ta shekara 34 tana yaƙi har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Har yanzu akan kira tsofaffin ganuwoyi da dama da ganuwar Amina. Ta rasu a Atagara.

Abin lura shi ne, jerin sunayen sarakunan Zazzau bai kawo sunanta ba, don haka waɗansu ke ganin gimbiya ce mai jan rundunar yaƙi, ba ta taɓa sarauta ba. Warware wannan saɓani aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa, tun kafin tsofaffin da ke riƙe da labarin su ƙare.