Matthew Boulton: Maƙerin Birmingham da ya yi takara da Faransa a sana'ar ruwan zinare

A ƙarni na 18, duk attajirin Ingila da ke son ƙawata zaurensa da tulunan ado na tagulla mai ruwan zinare, Faris yake aikawa. Matthew Boulton ne ya ɗauri aniyar karya wannan al'ada, kuma ya yi suna a kanta, sai dai aljihunsa bai ji da daɗi ba.

An haife shi a Birmingham a 1728, ɗan mai ƙera maɓallai da ƙananan kayan ƙarfe. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1759 ya gaji sana'ar, ya kuma gina masana'antar Soho a bayan gari, inda John Fothergill ya zama abokin kasuwancinsa a 1762.

Wajajen 1768 ya tsunduma cikin aikin tulunan. Jikinsu yawanci na wani dutse ne mai ratsin shuɗi da rawaya, Blue John, wanda ake haƙowa a Castleton ta yankin Derbyshire; Boulton ya sayi tan 14 a 1769 don kada wani ya riga shi. Ana sassaƙa dutsen, a ɗaura masa hannaye da gindi da murfi na tagulla. Wasu tulunan na ƙona turare ne, wasu kuma in an juya murfinsu sai su zama mazaunin kyandir. Zinaren kuwa da zaiba ake kwaɓa shi, a shafa wa tagullar, a gasa a wuta har zaibar ta tashi ta bar zinaren a manne. Ma'aikata ne ke shaƙar wannan tururi mai guba, abin da masu sha'awar ƙyallin ba safai suke tunawa ba.

Sarki George na Uku da Sarauniya Charlotte sun saya, haka ma Sarauniya Catherine ta Rasha. Amma manyan mutane na yabon kaya su yi jinkirin biya, ga shi aikin na cin kuɗi da lokaci. Gwanjon da aka yi a Christie's a 1771 da 1772 ya tara jama'a, ciniki kuwa bai kai yadda aka zata ba, na 1778 ma bai gyara lissafin ba. Fothergill ya rasu a 1782 cikin bashi.

Injin tururi ne ya ceci Boulton. A 1775 ya haɗa gwiwa da James Watt, ya kuma yi fafutuka har Majalisa ta tsawaita wa Watt haƙƙin mallakar ƙirƙirarsa zuwa 1800. Daga baya ya kafa wurin buga kuɗi a Soho, wanda ya buga wa Birtaniya sulallan tagulla na 1797, ya kuma buga wa Kamfanin Saliyo nasa.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1809, aka binne shi a cocin Handsworth. A 2011 Bankin Ingila ya sa hotonsa da na Watt a takardar fam 50, tare da zanen injin tururi da ginin Soho. Tulunan kuwa, waɗanda suka jawo masa asara, su ne yau ake rububinsu a gidajen gwanjon Landan.