Rokusaburo Sugiura: Ɗan mai shagon magani da ya kafa harsashin kamfanin Konica

Duk wanda ya yi wayo kafin yaɗuwar wayar salula a garuruwa irin su Potiskum, Kano, Zariya ko Sakkwato ya san darajar da hoto yake da ita a da. Ranar Sallah, ko ɗaurin aure, ko suna, sai a kira mai hoto ya ɗauka, sannan a jira kwanaki kafin a wanko. Fim ɗin da ke cikin kyamararsa ɗauka 24 ko 36 kawai yake yi, kuma sunayen da aka saba gani a jikin kwalinsa su ne Kodak, Agfa, Fuji da Konica. Mutane kaɗan ne suka san cewa asalin Konica ya girmi na Kodak da na Fuji, kuma ya faro ne daga wani shagon sayar da magunguna a birnin Tokyo, a hannun wani matashi mai suna Rokusaburo Sugiura.

An haifi Sugiura a shekarar 1847 a birnin Edo, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Tokyo. Gidansu gidan fatauci ne, suna da shagon magani mai suna Konishiya a unguwar Kojimachi. A lokacin haihuwarsa, Japan ta shafe fiye da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da ƙasashen waje. Yana ɗan shekara shida jiragen yaƙin Amurka suka iso gaɓar ƙasar a 1853, suka matsa mata ta buɗe ƙofofinta. A 1859 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga fataken Turai da Amurka, sannan a 1868 mulkin sarakunan yaƙi ya faɗi, aka shiga zamanin Sarki Meiji. Ke nan ƙuruciyar Sugiura ta zo daidai da lokacin da sababbin kayayyaki da sababbin sana'o'i suke kwararowa cikin ƙasarsa, ciki har da ɗaukar hoto.

Yana da kimanin shekara 25 ya je aka ɗauke shi hoto, abin ya burge shi, ya kuma hango kasuwa a cikinsa. A wancan zamani babu fim. Mai hoto yakan shafa sinadari a kan farantin gilashi, ya tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa, ya ɗauki hoton, ya wanke shi tun farantin bai bushe ba. Saboda haka mai hoto ba ya rabuwa da kwalaben sinadarai, kuma babu wanda ya fi mai shagon magani sanin inda ake samo su, da yadda ake auna su da adana su. A 1873, lokacin da Abdullahi Maje Karofi yake sarautar Kano, Sugiura ya fara sayar da kayan hoto da na ɗab'i a shagon gidansu. Wannan shekarar ce kamfanin yake ƙirga tarihinsa daga gare ta har yau.

Bayan 'yan shekaru ya koma unguwar Nihonbashi, cibiyar kasuwancin Tokyo, ya buɗe shagonsa wanda aka sani da Konishi Honten. Bisa al'adar gidajen fatake na Japan, ya gaji sunan magabatansa, aka riƙa kiransa Rokuemon na shida. A farko aikinsa saye da sayarwa ne kawai: kyamara, gilashin idon kyamara, takarda da sinadarai, duka daga Turai da Amurka. Ba shi kaɗai ne a fagen ba, domin akwai gidan Asanuma, wanda shi ma daga cinikin magani ya shigo harkar hoto, kuma gidajen biyu sun daɗe suna gogayya.

Abin da ya bambanta rayuwar Sugiura da ta sauran dillalai shi ne bai tsaya a shigo da kaya ba. Tun daga shekarun 1880 ya fara bai wa masassaƙa da maƙera na gida kwangilar ƙera akwatunan kyamara na katako, ana ɗaura musu ido na ƙasashen waje. Ya fara da ɓangaren da hannun mutanensa ya iya, ya ci gaba da sayen wanda ba su iya ba tukuna. Ya kuma gane cewa kasuwa ba ta bunƙasa sai masu saye sun san amfanin kaya, don haka a 1894 shagonsa ya fara buga mujallar wata-wata mai suna Shashin Geppo, wadda ke koya wa masu sha'awa dabarun ɗaukar hoto.

Babban matakin ya zo a 1902, lokacin da ya kafa masana'anta mai suna Rokuosha a Yodobashi, yankin da a yau yake cikin Shinjuku, domin yin takardar hoto da busasshen faranti. Wannan aiki ya fi sassaƙa katako wuya nesa ba kusa ba, domin ƙura kaɗan, ko zafi, ko laima na iya lalata sinadarin da ake shafawa, a yi asarar kaya gaba ɗaya. Faranti ya daɗe yana ba masana'antun Japan wahala, kasuwarsa ta ci gaba da zama a hannun kamfanonin ƙetare, musamman na Ingila. Amma a 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, kamfanin ya fitar da takardar hoto mai suna Sakura, ya kuma fitar da kyamarar Cherry. Ƙaramin akwati ne mai ɗaukar faranti shida, kowanne girman ɗan katin da 'yan kasuwa ke rubuta suna da adireshi a kai, mai sauƙin kuɗi da sauƙin sarrafawa. Ita ake ɗauka a matsayin kyamarar Japan ta farko da aka ƙera da yawa, aka sa mata sunan kasuwa. Daga ranar da ya fara sayar da kayan wasu zuwa ranar da ya sayar da nasa, shekara 30 ke nan cur.

Sugiura ya rasu a 1921 yana da kimanin shekara 74. Bai ga fim ɗin kamfaninsa ba, bai kuma taɓa jin sunan Konica ba. Ɗansa, Rokuemon na bakwai, shi ya ci gaba da tafiyar da harkar a ƙarƙashin sunan Konishiroku. A 1923 ya cika burin mahaifinsa na kafa makarantar koyar da hoto, wadda a yau ta zama jami'ar fasaha da ƙere-ƙere a Tokyo. A 1929 aka fitar da fim ɗin Sakura, a 1931 aka ƙera idon kyamara na gida mai suna Hexar, a 1940 kuma aka fitar da fim mai launi na farko a Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sa wa sabuwar kyamara suna Konica, wato haɗin farkon sunan Konishiroku da kalmar kyamara. A 1975 kamfanin ya fitar da ƙaramar kyamara mai fitilar walƙiya a jikinta, a 1977 kuma ya fitar da C35 AF, kyamara ta farko a kasuwannin duniya mai daidaita ganinta da kanta. A 1987 kamfanin baki ɗaya ya ɗauki sunan Konica.

Sai dai zamani riga ne. Da kyamarar dijital ta bayyana, cinikin fim ya faɗi warwas. A 2003 Konica ya haɗe da Minolta, sannan a watan Janairun 2006 sabon kamfanin ya ba da sanarwar ficewa daga harkar kyamara da fim, ya miƙa wa Sony wani ɓangare na fasahar kyamarorinsa. Amma kamfanin bai mutu ba. Ilimin sinadarai da na gilashi da aka tara tsawon fiye da ƙarni ɗaya shi aka juya zuwa injinan kwafi da na buga takardu na ofis, da na'urorin ɗaukar hoton asibiti, waɗanda Konica Minolta ke ƙerawa har yanzu.

Tarihin Sugiura yana da abin dubawa ga 'yan kasuwar Arewa, daga Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano har zuwa Potiskum, garin da ya shahara da kasuwar shanu da harkar manyan motoci. Mafi yawan jarin da ke juyawa a kasuwanninmu na sarin kayan da wasu suka ƙera ne. Shi ma da haka ya fara, kuma bai raina sarin ba, domin a kan kantar shago ya san masu saye da bukatunsu. Amma ribar da ya samu ya zuba ta a hannun masu sana'a na gida, da masana'anta, da koyarwa, ya kuma jure shekarun da kayansa ba su kai na baƙi inganci ba. Fim ɗin da ya sa aka san sunan Konica a Najeriya ya ɓace daga shaguna, amma kamfanin da makarantar da suka tsiro daga wancan shagon magani suna nan suna aiki, fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa.