Rashidi Yekini

Rashidi Yekini (an haife shi ranar 23 ga Oktoba, 1963 a Kaduna, ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012 a Ibadan) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya da ya buga a gaba. Shi ne ɗan Najeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka, a shekarar 1993, kuma ya ci wa tawagar ƙasar ƙwallaye 37. Ya shafe fiye da shekaru 20 yana wasa a ƙungiyoyin Afirka, Turai da ƙasashen Larabawa.

Farkon wasansa

Asalin iyayensa Yarabawa ne daga garin Ira a jihar Kwara ta yanzu, amma a Kaduna ya tashi. A nan ya fara wasa da UNTL, ƙungiyar masaƙar Kaduna, a farkon shekarun 1980. Daga nan ya koma Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984 ta sha kashi a hannun Zamalek ta Masar. Ya wuce Abiola Babes ta Abeokuta, sannan a 1987 ya tsallaka Abidjan, inda ya yi wa Africa Sports wasa na kimanin shekaru uku.

Vitória de Setúbal

Yekini bai shiga Turai da ƙuruciya ba. Yana dab da cika shekara 27 lokacin da Vitória de Setúbal ta Fotugal ta ɗauke shi a 1990. Setúbal garin bakin teku ne a kudu da Lisbon, kuma ƙungiyarsa ba ta da kuɗi ko suna irin na Benfica, Porto da Sporting. Kakarsa ta farko ma da faɗuwa ta ƙare, domin ƙungiyar ta sauka rukuni na biyu. Bai tafi ba. A kakar 1992–93 ya ci ƙwallaye 34, Setúbal ta dawo babban rukuni.

Da an ce masu tsaron bayan rukuni na biyu ne ba su da ƙarfi, to kakar 1993–94 ta kawar da wannan zance: ya ci 21, ya fi kowa a babbar gasar Fotugal, alhali ƙungiyarsa sabuwar hawa ce. Dogo ne ƙaƙƙarfa, mai gudu da bugu mai nauyi, ba ya yawan ado da ƙwallo. A wannan lokacin ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar kofin Afirka ta 1994 a Tunisiya, wadda Najeriya ta lashe, ya kuma ci wa ƙasar ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya, a ragar Bulgariya.

Bayan 1994

Bayan gasar duniya ya koma Olympiacos ta Girka, amma zaman bai yi daɗi ba, wasanni kaɗan ya buga. A Sporting Gijón ta Sifaniya ma ƙwallaye uku kacal ya ci a gasar lig. Ya ɗan koma Setúbal a 1997, daga nan sai FC Zürich ta Suwizalan, inda ƙafarsa ta sake buɗewa ya ci 14 a kaka ɗaya. Ya taɓa Bizerte a Tunisiya da Al-Shabab a Saudiyya, ya sake komawa Africa Sports.

A 2002 ya dawo gida ya shiga Julius Berger ta Legas, abin da ba kasafai manyan 'yan wasan zamaninsa suke yi ba. A 2005, yana da shekara 41, ya ɗan buga wa Gateway ta Abeokuta kafin ya rataye takalmi.

Rasuwa

Ya zauna a Ibadan bayan ritaya, ba ya son shiga jama'a. Ya rasu yana da shekara 48 bayan rashin lafiya, aka binne shi a Ira.