Uwa Mary Martin, Wadda Ta Yi Wa'adi A Gadon Asibiti

Da yawa daga cikinmu mun san Sistocin MMM ta wurin aikinsu na jinya, amma kaɗan ne muka san wadda ta kafa su.

An haifi Mary Martin a shekarar 1892 kusa da Dublin, a ƙasar Ailan, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya goma sha biyu. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ta yi jinyar sojoji a Malta da Faransa, yaƙin kuwa ya ci ɗan'uwanta. A 1921 ta amsa kiran Bishop Joseph Shanahan, ta sauka Kalaba. Jinya ta zo yi, sai aka danƙa mata makaranta. Ta yi biyayya, amma abin da idonta ya gani bai bar ta ta huta ba: mata suna mutuwa a kan gwiwa, jarirai suna bin su, ba mai agaji.

A nan ne matsalar take. A wancan zamani dokar Ikkilisiya ba ta yarda macen da ta yi wa'adin zama sista ta karɓi haihuwa ko ta yi fiɗa ba. Mu da muka tashi muka tarar da sistoci likitoci, da wuya mu gane nauyin wannan hani. Shekara goma sha biyar ta yi tana jira, ga ciwon zuciya da ke addabarta. Ta shiga wata ƙungiyar sistoci ta fita, har wasu suka ɗauke ta marar tsayayyen ra'ayi. A ganinmu ba su yi mata adalci ba, domin ta san abin da aka kira ta gare shi, ba ta kuma yarda ta musanya shi da wani ba, ba ta kuwa yi wa Ikkilisiya tawaye ba.

A watan Fabrairu na 1936 Roma ta ɗage hanin. Nan da nan ta shirya ta komo Nijeriya tare da abokan aiki biyu. Ba ta daɗe da isowa ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, har aka fid da tsammani. A kan gadon asibitin gwamnati na Fatakwal ta yi wa'adinta ran 4 ga Afrilu, 1937, ranar da aka kafa ƙungiyar ke nan. Aka sa ta a jirgin ruwa zuwa gida, ana zaton ba za ta kai ba, abokan aikinta suka ci gaba da aiki a Anua.

Allah ya ƙara mata shekara talatin da takwas. Daga garin Drogheda ta gina asibitin koyarwa, ta riƙa aika sistoci zuwa ƙasashen Afirka, har da aikin kutare a Ogoja. A 1963 ƙungiyar Red Cross ta ba ta lambar Florence Nightingale. Shekarunta bakwai na ƙarshe a kwance ta yi su, 'ya'yanta sistoci suna jinyarta, har ta rasu ran 27 ga Janairu, 1975.