Marigayi Alhaji Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau (1917–2001)

Idan aka ambaci Magajin Gari Nuhu Bamalli, abin da yakan fara zuwa zukatan jama'a shi ne siyasa da sarauta. Mu kuwa ma'aikatan jinya 'yan asalin Birni da ke cikin wannan ƙungiya, da wani ɗan ƙaramin littafi muka fi tunawa da shi.

An haife shi a Zariya a 1917, a gidan sarautar Mallawa. Ya yi aiki a Hukumar Talifi, wadda daga baya ta koma Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, zamanin Dokta East da Abubakar Imam. A nan ya goge da alƙalami. Ya rubuta Mungo Park Mabuɗin Kwara, sannan a 1950 aka buga masa Bala da Babiya, littafin da ya koyar da tsabta da kiwon lafiya ta hanyar labari.

A wancan lokaci likitoci 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba, asibiti kuma wuri ne da talaka yake gudu. Marigayin ba likita ba ne, amma ya gane cewa yaron da ya karanta dalilin tafasa ruwa da rufe abinci cikin harshen uwarsa, shi zai kai maganar har cikin gida, inda duba-gari ba ya samun shiga sai da tsoro. Mu da muke kwana a kan yara masu amai da gudawa duk damina, mun san nauyin wannan dabara. Abin takaici, yau takardun wayar da kai da ake ba mu mu raba, galibi fassara ce mai ƙashi daga Turanci.

Siyasa ta ɗauke shi daga teburin rubutu. Ya zama jigo a jam'iyyar NPC, ya riƙe Ministan Harkokin Waje daga 1965 har juyin mulkin Janairun 1966. Bayan nan ya dawo gida, ya tsufa cikin mutanensa yana riƙe da sarautarsa, abin da da yawa daga cikinmu mazauna Kaduna da Abuja da Legas muke ta ɗagawa.

Ya rasu a 2001. A 2020 ɗansa, Ahmad Nuhu Bamalli, ya zama Sarkin Zazzau, bayan shekara 100 rabon Mallawa da gadon. Allah ya jiƙan Magajin Gari, ya kyauta namu zuwan.