William James: Majinyacin da Ya Zama Jagoran Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Amurka

An haifi William James a birnin New York ranar 11 ga Janairu, 1842, a gidan masu hali. Da fari zane ya so ya koya, daga baya ya koma karatun likita a Jami'ar Harvard, ya kammala a 1869. Sai dai bai taɓa zama yana duba marasa lafiya ba, domin shi kansa a lokacin majinyaci ne.

Rashin lafiyarsa

Tun yana saurayi yake fama da ciwon baya, ciwon ido, ciwon ciki da rashin barci. A 1865 ya bi tawagar masu bincike zuwa Burazil, a can ya kamu da agana. Abin da ya fi galabaitar da shi kuwa shi ne ciwon damuwa. Ya yi watanni cikin baƙin ciki da fargaba, ba ya iya taɓuka komai, har ya riƙa tunanin kashe kansa. A zamaninsa babu magungunan wannan cuta irin na yau.

Sauƙi bai zo masa dare ɗaya ba. A 1870 ya yanke shawarar ya riƙa ɗaukar kansa a matsayin mai ikon zaɓar abin da zai aikata. Samun aikin koyarwa a Harvard, da auren Alice Gibbens a 1878, sun ƙara daidaita rayuwarsa, ko da yake ciwon yakan leƙo jefi-jefi.

Abin da ya koyar

A 1875 ya fara koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, yana cikin na farko da suka yi haka a Amurka. Ya shafe shekara 12 yana rubuta babban littafinsa, The Principles of Psychology, wanda ya fito a 1890. A ciki ya bayyana cewa maimaita aiki yana barin sawu a ƙwaƙwalwa, kamar yadda yawan bi ke fitar da turba a daji, don haka ana iya gina sabuwar ɗabi'a da ƙananan ayyuka na kullum. Ya kuma nuna cewa motsin rai ba ya rabuwa da jiki: bugun zuciya, gumi da karkarwa suna cikin abin da muke kira tsoro. A littafinsa na 1902 ya nazarci yadda imani ke tallafar mutum cikin ƙunci. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 26 ga Agusta, 1910.

Darasi ga majinyata da iyalansu

A Gubuchi ko Kudan, idan magidanci ya daina zuwa gonar rake, ya ƙaurace wa majalisa, abinci da barci suka gagare shi, akan ce lalaci ne ko sammu. Sau da yawa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Tarihin James shaida ne cewa cutar tana kama mai ilimi da mai dukiya, kuma mai ita yana iya farfaɗowa ya amfani al'umma.

Idan alamun sun wuce mako biyu, a kai shi asibiti mafi kusa. Ana samun ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a garzaya da shi a ranar.